Namiji Mai Haƙori Ashirin da Biyar

Ni dai ban taɓa tsayawa gaban jama'a na ce ina neman miji ba. Ina so wannan ya fara shiga kunnen kowa, domin har yau akwai matan da in mun haɗu a kasuwar Romi, nan Kaduna, sai sun rufe baki da gefen zane suna dariya. Abin da na faɗa daban, abin da ya isa gidajen mutane daban.

A lokacin ina koyar da aikin ƙananan na'urorin lantarki a wani ɗaki da ke bayan cocinmu. Ajin yamma ne. Ɗalibaina yawancinsu sun gama sakandare suna zaman jiran abin da Allah zai yi, sai wasu masu gyaran wayar salula da suka gaji da canza kaya ba tare da sanin dalili ba, da matan aure 'yan kaɗan. Ɗakin kuwa aro ne. Wanda ya ba ni shi dattijon coci ne mai kula da gine-gine, tsohon ma'aikacin gwamnati daga Filato, mutumin da ke magana kamar da kuɗi yake sayen kalmomin. Wata rana ya leƙo ya tarar ina zane a allo, ɗalibai suna hamma. Ya jira na fito.

"Malama," in ji shi, "kujerun haya da rumfunan biki a waje suke kwana. In har ranar godiyar kaka ta zo ban ga abin da kuke yi a nan da idona ba, kujeru za su shiga, ku kuwa ku fita."

Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa ce. Ajin sai raguwa yake yi. Wa zai bar gida da yamma, ya biya kuɗin Keke, don ya zo ya kalli alli? Na riga na yi musu alkawari tun ranar farko cewa kowannensu da hannunsa zai sa kwamfuta ta kunna fitila ta kashe. Kwamfutoci muna da su, tsofaffi masu ƙaton ciki da wani ofis ya yar, wani ɗan cocinmu ya kwaso mana. 'Yan fitilun nan jajaye masu kama da ƙwayar wake ma muna da su. Abin da babu shi ne ɗan aike, wato abin da zai ɗauko umarni daga cikin kwamfuta ya kawo wa fitila. In babu shi, kwamfuta tana nata, fitila tana nata, ba mai jin maganar wani.

'Yan aiken na yayi suna nan a shagunan cikin gari, 'yan ƙanana masu kyau a cikin leda. Na tambayi kuɗin ɗaya, na tuna yawan kwamfutocinmu, na yi wa mai shagon sai an jima. Ya ce in dawo da wuri don gobe ma ba haka zai sayar ba, dala ta hau. Na ce ta yi ta hawa, ni ba tare muke tafiya ba.

Wata ranar Asabar ina share ƙurar bayan kwamfutocin nan sai idona ya faɗa kan wata faffaɗar kafa mai ramuka jere biyu, wadda da can ake soka wayar firinta. Na tsaya da tsumma a hannu. Kai! Ai mun taɓa yin wannan a makaranta. Kafar nan da kanta tana iya kunna ƙaramar fitila in an rubuta mata umarni, ba ta bukatar komai na yayi. Ashe ɗan aiken yana zaune a gidan tun tuni, ni ce nake ta zaga gari. Murna ta sa na yi rawa ni kaɗai a ɗakin, da tsintsiya da komai. Saura abu ɗaya, kan wayar da zai shiga kafar.

To a nan maganar take. A sana'armu, kowane mahaɗin waya jinsi biyu ne. Mai ramuka sunansa tamace, mai haƙoran ƙarfe da ke shiga ramukan sunansa namiji. Ba ni na raɗa musu ba, haka na tarar, haka ake faɗa a kowane shago ba wanda ke ko murmushi. Kwamfutocinmu duk tamace ce a bayansu, mai rami ashirin da biyar. Don haka abin da nake nema namiji ne mai haƙori ashirin da biyar, irin wanda ke kan tsohuwar wayar firinta.

Na hau mota na tsallake gada zuwa Tudun Wada, layin masu tsofaffin kayan lantarki. Na yi ta yawo har takalmina ya fara ci mini ƙafa. A ƙarshe aka nuna mini wani Alhaji da ke zaune cikin tulin wayoyi yana cin gyaɗa. Na ce masa kan wayar firinta nake nema.

"Hajiya, namiji ko tamace?" Kowace mace Hajiya ce a wurinsa.

"Namiji, Alhaji. Da yawa nake so."

Ya girgiza kai. Ya ce an daina yayinsu, 'yan gwangwan sun kwashe sun ƙone don jan ƙarfen da ke ciki. Ya tona wani buhu, ya tona wani, da ƙyar ya zaro guda ɗaya, doguwar waya fara da ta koma ruwan ƙasa. Ya busa haƙoran ya miƙo mini. "Shi ke nan ya rage. Amma ki tambaya a gidaje. Irin wannan kaya ba a kasuwa yake ƙarewa ba, a ƙarƙashin gado yake ƙarewa."

Ranar Litinin na tsaya gaban aji na ɗaga wayar. Na yi musu bayanin namiji da tamace, suka yi 'yar dariyarsu, ta wuce. Sai na ce, kuma ina tuna kalmomin sarai: "Kowa ya tambaya a gida. Ku ce Malama tana neman namiji. Tsoho ma ba komai, in dai haƙoransa ashirin da biyar sun cika, kuma kada ya yi tsada."

Cikin ɗaliban akwai wata budurwa 'yar ƙungiyar mawaƙa, mai kai sosai, amma bakinta ba ya sanin Lahadi bare Litinin. Uwarta kuma jigo ce a zumuntar mata. Har yau yarinyar tana rantsuwa ta ambaci waya, uwar kuma tana rantsuwa kunnenta bai ji waya ba. Ban san wa zan gaskata ba. Abin da na sani shi ne na haura talatin a lokacin, ba aure, ina zaune da gwaggona a Unguwar Boro, kuma an daɗe ana sa ni a addu'a.

Ban lura da wuri ba, hankalina yana kan ranar godiyar kaka da ke ta matsowa. Ranar Lahadi bayan sujada gaisuwa ta yi tsawo. Wannan ta riƙe mini hannu ta ce, "Allah zai yi, 'yata." Waccan ta ce, "Gara da kika faɗa, ai ciwon da aka ɓoye shi ke kisa." Ni kuma, wawuya, sai in ce, "Amin, Mama, ku dai taya ni dubawa, ko a ƙarƙashin gado ne." Wata ta dafe ƙirji ta ce, "Ƙarƙashin gado kuma?" Na ce ai nan aka ce suna ɓuya. A gida Gwaggo ta fara yi mini tuwon acca da miyar karkashi ba tare da na roƙa ba, tana waƙa a madafi. Na ɗauka kakar bana ce ta yi mata daɗi.

Sai ranar Laraba. Muna cikin darasi na hango wani dattijo a bakin ƙofa, cikin kwat da aka goge har tana ƙyalli, da hula, da ledar lemo a hannu. Na san shi sama-sama. Tsohon akawu ne a masaƙar da aka rufe, matarsa ta rasu da daɗewa. Na ɗauka wani ɗansa yake son sakawa a aji. Na fita na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da murmushi, murmushin kuma ya ƙi ƙarewa. Ina magana yana washe baki, har na fara tunanin ko wani abu ne ya maƙale masa.

"Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Malama. Saƙonki ne ya iso." Ya ƙwanƙwasa haƙorinsa na gaba da farce. "Duk nawa ne, babu na asibiti ko ɗaya. An ce ashirin da biyar kike so. To ni nawa sun ma haura, na ƙirga da safe. Batun tsada kuwa, ni ba mai wahalar ci ba ne."

Wayyo Allah! Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. A bayana na ji ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da dariya ke taruwa a cikinsa. Kunya ta fara zuwa, sai fushi ya ture ta. Na koma ciki na fizgo wayar daga kan tebur na kawo masa har gaban hanci.

"Baba, ga namijin da nake nema! Waya ce! Wayar firinta!"

Ya karɓa. Ya sa tabarau, ya juya kan wayar, ya bi haƙoran da yatsa. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har ya jingina da bango, hawaye na zuba. Ajin ma ya ɓarke, har da masu buga tebur. "To," in ji shi da ya samu numfashi, "wannan kishiyar tawa ba zan iya da ita ba. Ga lemo dai, kada ya koma gida." Na so in ci gaba da fushi, amma mutumin ya hana ni. Ban aure shi ba, kafin wani ya tambaya. Wanda na aura daga baya giɓi gare shi, kuma matan cocinmu ba su bar ni na manta da haka ba ranar biki.

Da na isa gida Gwaggo tana jira a tsakar gida, fuska kamar an ba ta kujerar Makka, ko da yake mu Urushalima muke cewa.

"Yaya? Ya zo?"

"Au, Gwaggo, da ke aka haɗa baki?"

"Wane haɗa baki? Ke kika yi shela! Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Amma ke ma, 'yar nan, me ya kai ki cewa tsoho ba komai? Ai sai ki rage wa kanki daraja."

Na nuna mata wayar. Ta kalle ta, ta kalle ni, ta zauna a kan turmi. "Wato duk accata da na ƙarar, a kan igiya?" Ba ta yi mini magana ba har washegari. Na ji tausayinta ƙwarai, don murnarta ta gaske ce.

Washegarin kuwa ranar taron zumuntar mata ce. Na yi niyyar in je in wanke kaina, in kuma wanke su tas. Tun a hanya nake shirya kalmomi masu zafi. Na shiga ana tsakiyar waƙa, da tulu da kacau-kacau, na nemi izini wurin matar fasto, na tsaya a gaba na ɗaga wayar sama. Na yi bayani tun daga ɗakin aro, da kujerun da ke jiran su kore mu, da ramukan bayan kwamfuta, har zuwa namiji da tamace. Ban kai ga kalmomin zafin ba. Wata ta rangaɗa guɗa daga baya, shi ke nan wuri ya rikice. Mata suna faɗuwa a kan juna, matar fasto ta cusa fuska cikin littafin waƙa kafaɗunta suna girgiza. Uwar yarinyar nan tana ta cewa, "Ni dai abin da aka faɗa mini na faɗa!"

Cikin hayaniyar wata Mama 'yar Binuwai, wadda ta yi shekaru tana shara a sakatariya, ta taso ta karɓi wayar ta ja ta da hannu biyu kamar mai gwada ƙarfin igiya.

"Wannan? Ai a kanta nake shanya. Ta fi kowace igiya ƙarko, ba ta tsinkewa, ba ta tsatsa. Da ofishinmu ya canza injuna aka zubar, muka kwasa. Wancan ƙullutun na bakinta ma shi ke hana ta zamewa daga ƙusa."

"Ni da ita na ɗaure katifa," in ji wata.

"Tawa akuya ce a jiki."

Na zaga Tudun Wada har ƙafata ta yi ruwa, ashe kayan suna rataye a bayan gidajen Romi da Unguwar Boro, zannuwa suna bushewa a kansu. Rabin matan nan mazansu ko su kansu sun yi aikin ofis, kuma matar Kaduna ba ta yar da abin da zai iya ɗaure wani abu. Labarin da ya kunyata ni ya riga ya shiga kowane gida, gyara kawai aka yi masa, ya sake zagawa da ƙafafunsa.

Ranar Lahadi suka fara isowa. Kowace ta zo sai ta miƙo leda ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Malama, ga mijinki." Wata ta ce nata ya ɗan sha ruwan sama amma yana da biyayya. Na daina jin haushi, na koma amsawa, "Na gode, Mama, zan riƙe shi amana." Baba akawu ma ya aiko da buhu guda, ragowar na ofishin masaƙa da ya adana tun ranar da aka sallame su, da saƙon cewa tun da shi bai samu shiga ba, ga 'yan'uwansa. Gwaggo da kanta ta kwance wadda ke riƙe da ƙofar akurkin kajinta. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabanta ban taɓa duba bakinta ba.

Ba duka suka yi ba. Wasu haƙoran sun lanƙwashe, wasu sun karye, na akuyar kuwa an tauna shi har ba ya ganuwa. Muka zauna da tsofaffin buroshin goge baki da ɗan kananzir muna wanke su ɗaya bayan ɗaya. Muka yanke wayoyin, muka bi kowace 'yar jijiya da mitar gwada wuta don mu san wane haƙori take kaiwa, muka narka dalma muka liƙa. Ɗakin ya cika da ƙaurin dalma da surutu. Waɗanda suka gudu daga aji suka fara dawowa, wai sun zo ganin mazan Malama, sai in miƙa musu buroshi. Ranar da fitilar farko ta kama, a teburin wata matar aure ce mai goyo. Ta danna madanni, ɗan jan ƙwan ya haska, ta yi ihu ta ja da baya har jaririn ya farka. Ta sake dannawa ya mutu. "Ni na yi? Malama, ni na yi?" Na ce ke kika yi. Daɗin da na ji a ranar ban san da me zan auna shi ba.

Ranar godiyar kaka aka cika harabar coci da doya da buhunan masara da kaji. Bayan sujada na je na sami dattijon gine-gine na ce, "Baba, ka ce sai ka gani da idonka." Ya biyo ni, matan zumunta suka biyo shi, har taga ta cika da kawuna. Ina ta roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Kowane ɗalibi yana tsaye gefen kwamfutarsa, ya sha kwalliya. Suka kunna, suka kashe. Masu gyaran waya sun ƙaro wasu fitilu, sun jera ja da rawaya da kore suna bin juna kamar danjar kan titi. Yarinyar nan mai baki ta sa nata suna ƙyaftawa daidai da kiɗan wata waƙar coci, mata suka ɗauki waƙar daga taga.

Dattijon ya bi tebur-tebur, hannu a baya. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya tsaya wurin mai goyo, ya leƙa bayan kwamfutar, ya taɓa tsohuwar wayar.

"Wannan ce igiyar shanyar?"

"Ita ce, Baba."

"In danna?"

Ta matsa masa. Ya sa yatsa ɗaya a hankali kamar madannin zai cije shi. Fitila ta kama. Ya ɗaga, ya sake dannawa, ta mutu. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, har mutane suka fara kallon juna. Ni kuwa ina jiran ya ce kujeru ko ya ce mu. Sai ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ɗaga kai ya ƙura wa silin ido, can kusurwar da ruwa ya taɓa yi wa tabo.

"Kwanon nan yana yoyo," in ji shi. "Malama, ki tuna mini a canza shi kafin damina ta dawo. Kada ruwa ya taɓa wa yaran nan na'ura."

Ya fita abinsa. Sai da ya kai bakin ƙofa maganar ta shige ni, damina ai sai baɗi, wato ɗakin namu ne ba na kujeru ba. Na juya don in gaya wa ɗalibaina, sai na zauna a kan benci ina kuka ina dariya, su kuma sun riga sun gane, suna ta tsalle.